Kuɗin Cizo: Baƙon Da Ke Tsallaka Iyaka A Cikin Kayanmu

Jawabin da wani jami'in tsaftar muhalli ya gabatar a wajen taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu

Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, direbobi da masu masauki, da duk 'yan'uwan da suka taso daga nesa da kusa, barkanku da zuwa. Ina taya ku murnar zagayowar wannan rana. Allah ya ƙara haɗa kanku, ya sa albarka a cikin nema.

Yau a kan kuɗi zan yi magana, amma irin kuɗin da babu ɗan kasuwar da ke son ya tara ko da ƙwaya ɗaya, wato kuɗin cizo, wanda a wasu wurare ake kira gazunzumi. Na san wani zai ce a ransa, ranar biki ina ruwanmu da zancen ƙwaro? Dalilin shi ne, wannan ƙwaro ba ya tashi sama, ba ya tsalle, tafiyarsa duk rarrafe ce. Duk da haka ana samunsa a Kano, ana samunsa a Maraɗi, ana samunsa a Kwatano da Lome da Kumashi. Mutum ne ke ɗaukarsa daga gari zuwa gari, a jaka, a bargo, a cikin kayan sayarwa. Kuma a cikin jama'a babu wanda ya kai ku yawan kwana a gadon da ba nasa ba. Wanda ya tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, da wanda ya bi ta Illela zuwa Ƙonni, da wanda ya gangara ta Kamba da Gaya da Malanbil har bakin teku, kowannensu sai ya kwana a mota, ya kwana a tasha, ya kwana a masauki kafin ya dawo ɗakinsa. Jami'an kan iyaka suna duba takarda, suna duba kaya, amma babu mai duba ɗinkin jaka. Wannan aiki naku ne.

Sanin halinsa

Wanda ya fi yawa a ƙasashenmu masu zafi shi ne wanda masana ke kira Cimex hemipterus. Akwai ɗan'uwansa, Cimex lectularius, da ya fi yawa a ƙasashen sanyi. Halinsu ɗaya ne, maganinsu ma ɗaya. Babba daga cikinsu tsawonsa milimita 5 zuwa 7 ne, launinsa ja-ja mai duhu, jikinsa a baje kamar takarda in bai sha jini ba. Wannan bajewar ce ke ba shi damar shiga tsagar da katin waya zai iya shiga. In ya ƙoshi sai ya kumbura ya ƙara ja.

Abincinsa jini ne kawai. Ba ya cin tuwo, ba ya cin shara, ba ya neman datti. Numfashin mai barci da ɗumin jikinsa ne ke jawo shi. Yakan fito da dare, musamman can wajen tsakar dare zuwa asuba, ya sha jini na minti 5 zuwa 10, ya koma maɓoyarsa. A lokacin da yake sha yakan zuba wani yawu da ke hana jini daskarewa, ya kuma rage zafin cizon, shi ya sa mutum ba ya farkawa sai aiki ya ƙare.

Macen takan yi ƙwai 1 zuwa 5 a rana, a tsawon rayuwarta kuwa ta yi 200 zuwa 500. Ƙwan fari ne, tsawonsa kamar milimita 1, kuma tana manna shi ne a jikin katako ko ƙyalle, ba ya faɗuwa don an kaɗe. Cikin kwana 6 zuwa 10 sai ya ƙyanƙyashe. Ɗan da ya fito zai yi saɓa sau 5 kafin ya girma, kuma kowace saɓa sai ya sha jini tukuna. A yanayin ɗumi irin namu, cikin kamar mako 5 ya zama babba, shi ma ya fara haihuwa. Ku lissafa da kanku, ku 'yan lissafi ne: mace ɗaya mai ɗauke da ƙwai da ta shigo a jaka ta isa ta cika ɗaki cikin 'yan watanni.

Abu na ƙarshe a halinsa shi ne juriyar yunwa. Yana iya yin watanni bai sha jini ba kuma bai mutu ba. Don haka kulle ɗaki a yi tafiyar wata guda ba ya kashe shi. In ya rasa mutum a ɗakin, ko dai ya jira, ko ya bi tsagar bango da ramin wayar lantarki ya koma ɗakin da ke kusa.

Ba shi da alaƙa da talauci ko ƙazanta

Iyayena mata, ku ne kuka fi shan wahalar wannan zargi. Da an ga kuɗin cizo a ɗaki sai a ce matar gidan ƙazama ce. Wannan magana ba ta da tushe. Bayan yaƙin duniya na biyu, maganin DDT ya kusa kawar da shi daga ƙasashen Turai da Amurka. Daga ƙarshen shekarun 1990 sai ya dawo da ƙarfinsa, saboda yawan tafiye-tafiye da kuma yadda ya saba da magungunan feshi. A shekarar 2023 hukumar kula da lafiyar abinci da muhalli ta Faransa, ANSES, ta bayyana cewa kashi 11 cikin 100 na gidajen ƙasar sun yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022, kuma ta ce shigarsa gida ba shi da alaƙa da yawan abin da mai gidan ke samu. A wannan shekarar ce hankalin mutanen birnin Paris ya tashi a kansa, ana saura 'yan watanni a fara wasannin Olamfik na 2024.

Abin da tarkace ke yi shi ne ba shi wurin ɓuya, ya sa korarsa ta yi wuya. Abin da talauci ke yi kuma shi ne hana mutum kuɗin magani. Amma shigowa, gidan attajiri da na talaka duk ɗaya ne a wurinsa. Na tsaya a kan wannan ne saboda kunya ita ce babbar mai taimakonsa. Mai gida ya gani ya yi shiru, baƙo ya gani ya ji nauyin faɗa, kafin a ankara ya bazu gida uku.

Yadda ake gane shi

Ƙaiƙayi kaɗai ba shaida ba ne, domin sauro da ƙuma da ƙazuwa duk suna sa ƙaiƙayi. Cizon kuɗin cizo yakan fito a wuraren da tufa ba ta rufe ba, kamar wuya da hannu da kafaɗa da ƙafa, sau da yawa a jere ko a tattare wuri guda. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya nuna komai ko an cije su. Miji da mata na iya kwana gado ɗaya, ita ta tashi da ƙuraje, shi ya ce bai ji komai ba. Kada a ƙaryata wanda ya yi kuka.

Shaidar gaskiya ana ganinta ne da ido. Ku ɗauki tocila ku duba ɗinkin gefen katifa, da ƙarƙashin tambarin da ke jikinta, da mahaɗar katakon gado, da ramukan ƙusa, da bayan allon kan gado. Ku duba naɗin tabarma, da bakin darduma, da ɗinkin saman gidan sauro, da saman labule, da ƙasan kujerar kushin, da bayan hoto ko kalanda, da inda fenti ya ɗago. Abin da za ku nema huɗu ne: ɗige-ɗigen baƙi kamar an ɗiga tawada, wanda kashinsa ne, ɓawon saɓarsa mai ruwan ƙasa, fararen ƙwai, da ɗigon jini a zanin gado. In ya yi yawa, ɗakin kan ɗauki wani wari da duk wanda ya taɓa murje shi da yatsa ya san shi.

Illar da yake yi

Har yanzu ba a tabbatar da cewa kuɗin cizo na ɗaukar wata cuta daga wani mutum zuwa wani ba, kamar yadda sauro ke ɗaukar zazzaɓin cizon sauro. Wannan abin godiya ne. Amma illarsa ba ƙarama ba ce. Susa na fasa fata, ƙwayoyin cuta su shiga, wurin ya yi ruwa, musamman ga yara. Inda ya yi yawa ƙwarai yana iya jawo ƙarancin jini ga jarirai da tsofaffi. Babbar illar kuwa rashin barci ce. Direban da ya kwana yana susa, da asuba ya ɗauki mota cike da mutane da kaya, ku da kanku kun san haɗarin da ke cikin wannan. Ɗan kasuwar da bai yi barci ba kuma, lissafi na iya kuɓuce masa a wajen canjin Naira da Sefa.

Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya daure ya bar susa, a yanke wa yara farce. Mai sayar da magani na iya ba da man shafawa ko ƙwayar rage ƙaiƙayi. In wurin ya kumbura, ya yi zafi ko ya fara fitar da mugunya, a je asibiti.

Akwai wata illa da ba a cika lura da ita ba. Wasu in suka ga kuɗin cizo a ɗinkin gidan sauro sai su cire shi su jefar, su ce shi ya kawo ƙwaron. Gidan sauro ba ya haifar da kuɗin cizo, wurin ɓuya kawai ya samu a ciki. Ku kashe wanda kuka gani a ɗinkin, ku wanke gidan sauron da ruwa da sabulu mara ƙarfi, ku shanya a inuwa, ku mayar. Kuɗin cizo na hana barci, zazzaɓin cizon sauro kuwa na kashe yara.

Matakan da matafiyi zai ɗauka

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan rigakafin ba ya cin ko sisi. In ka sauka a masauki, kafin ka ajiye kaya, ka ba gadon minti 2. Ɗaga zanin gado, haska tocilar wayarka a ɗinkin katifa da kan gado. In ka ga baƙin ɗige-ɗige, ka nemi wani ɗakin, kuma kada ya zama wanda ke manne da wannan.

Kada ka ɗora jaka a kan gado ko kujerar kushin, kada kuma ka jingina ta da bango kusa da inda ake kwana. Ka rataye ta, ko ka saka ta cikin babbar leda ka ɗaure bakin. Tufafin da ka cire kada ka bar su a ƙasa, domin warin jikin mutum da ke jikinsu na jawo shi. Ka zuba su a leda daban ka ƙulle. Jakar Gana-mas-go da buhun bakko suna da ɗinki da lungu masu yawa, a riƙa duba su. Bargo da darduma da kake tafiya da su, su ma haka.

In ka dawo gida, jaka ta tsaya a tsakar gida, kada ta wuce ɗaki kai tsaye. A zazzage ta a kan siminti da rana, a duba. Tufafin tafiya a jiƙa su a ruwa mai zafi sosai, wanda hannu ba zai iya shiga ba. Ruwan da ya kai digiri 60 yana kashe babba da ƙarami har da ƙwai. Wanda ruwan zafi zai ɓata, kamar shadda mai tsada, a bi shi da dutsen guga mai zafi, a danna sosai a kan ɗinki da aljihu. Haka za a yi wa akwatin yaron da ya dawo daga makarantar kwana, da kayan baƙon da ya zo daga nesa. Ba wulaƙanci ba ne, in dai an saba yi wa kayan kowa, har da na mai gidan.

Direbobi, kujerun motarku da ɗan gadon da ke bayan kujerar babbar mota su ma maɓoya ne. Ranar da mota ba ta aiki, a fitar da katifar da bargon, a duba ɗinkin kujeru, a rufe gilasai a bar ta a tsakiyar rana.

Masu gwanjo da masu kayan ɗaki

Alhazai da hajiyoyi masu sayen dila a Misebo ta Kwatano ko Kantamanto ta Akara, da masu kasawa a Ƙofar Wambai, ku ne kayanku suka fi shiga ɗakunan mutane. Dilar da aka kwance tana iya ɗaukar ƙwaron a sito ko a rumfa, musamman inda yaran shago ke kwana a kan kaya. Ku raba wurin kwana da wurin ajiya. Ku ɗora kaya a kan katako ko benci, nesa da bango. Ku riƙa gaya wa mai saye ya wanke da ruwan zafi ya goge kafin ya saka a akwati. Wannan ba zai rage muku ciniki ba, sai ma ya sa a san ku da gaskiya.

Haɗarin ya fi girma a tsohuwar katifa da tsohon gado da kujerun kushin. Araha ba ta ado. Kujerar da aka saya rabin kuɗi, in ta shigo da ƙwai, abin da za a kashe wajen magani zai wuce rangwamen da aka samu. Dillalai su duba kafin su karɓa, masu saye su duba kafin su biya. Wanda kuma ya san katifarsa ta kamu, kada ya sayar, kada ya bayar sadaka. In zai jefar, ya yayyaga ta da wuƙa don kada wani ya tsinta ya kai wa iyalinsa.

In ya riga ya shiga gida

Da farko kada a gudu daga ɗakin a koma kwana a falo ko ɗakin yara da matashi da bargo. Yin haka raba shi ake yi ɗaki-ɗaki. Na biyu, a sa rana guda a yi aikin gaba ɗaya, duk gidan, har da ɗakin kishiya da na samari da na 'yan haya.

A tattara zannuwan gado da labule da tufafi a cikin leda a ƙulle tun a cikin ɗakin, sannan a fitar zuwa wajen wanki. Bayan ruwan zafi da guga, a zuba su a sabuwar leda a ɗaure, kada a mayar da su sai an gama da ɗakin. A kwance gado a fitar da shi waje. A kankare mahaɗar katako da burushi mai tauri don ƙwai ya fita, sannan a kwarara tafasasshen ruwa a kowace tsaga da kowane ramin ƙusa, a yi hattara da yara a lokacin. Gadon ƙarfe ya fi sauƙin wannan aiki. Tabarma ma a zuba mata ruwan zafi. Ɗinkin katifa a bi shi da burushi, sannan a shimfiɗa ƙyalle mai ɗan laima a bi da dutsen guga a hankali, tururin ya ratsa.

Game da rana, akwai abin lura. Zafin da ya kai digiri 50 yana kashe shi da ƙwansa in ya ɗan jima. Ƙananan kaya kamar takalma da jaka, in an saka su a baƙar leda ba a cunkusa ba, aka ajiye a kan siminti ko kwanon rufi tun hantsi har la'asar a watannin bazara, zafin na iya ratsa su. Katifa mai kauri kuwa samanta ne ke yin zafi, ƙwaron sai ya gangara ƙasa inda ke da sanyi. Don haka shanya katifa taimako ne kawai, ba ya wadatarwa shi kaɗai. Wanda ke da hali, bayan ya tsabtace ta, ya sa a ɗinke ta ruf cikin leda mai kauri, ya bar ta haka shekara guda. Na ciki ba zai fito ba, na waje ba zai samu ɗinkin ɓuya ba.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A toshe tsagogin bango da na daɓe da siminti ko yumɓu. In an mayar da gado, a janye shi daga bango kamar tafin hannu, kada zani ya taɓa ƙasa, a kuma saka kowace ƙafar gado cikin roba mai santsi da ɗan ruwan sabulu. Wannan na tare masu hawa, yana kuma nuna muku ko saura na nan. Abin da aka share daga ɗakin a ƙulle a leda a ƙone ko a kai nesa.

Sai babban sharaɗi: a maimaita. Ƙwan da ya tsira zai ƙyanƙyashe cikin kwana 10. A sake dubawa a sake bi da ruwan zafi bayan kwana 10 zuwa 14, a kuma sake, har a yi wata guda zuwa biyu ba cizo, ba sabon ɗigo. Yawancin waɗanda ke cewa ba ya jin magani, sau ɗaya suka yi suka tsaya.

Magungunan da ke kashe mai gida

Nan ne nake roƙon ku saurara da kyau, domin nan rai yake. Kuɗin cizo a wurare da yawa ya riga ya saba da irin maganin feshin gwangwani da ake yi wa sauro. In aka fesa, sau da yawa sai ya watse ya shiga lunguna masu zurfi. Mutum ya gaji, sai ya nemi mai ƙarfi, daga nan a faɗa cikin abin da Hausawa ke cewa garin neman gira an rasa ido.

Na farko shi ne ƙwayar da 'yan hatsi ke sakawa a buhun wake da masara, Phostoxin da ire-irensa, wadda wasu ke kira bom. Da ta sha laimar iska sai ta saki iskar fosfin, mai wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Iskar na ratsa tsagar bango da rufi ta shiga ɗakin maƙwabci, kuma ba ta da makari. A watan Fabrairun 2015, a garin Fort McMurray na ƙasar Kanada, yara biyu 'yan gida ɗaya sun rasu bayan an yi amfani da irin wannan ƙwaya da aka kawo daga Pakistan don kashe kuɗin cizo. A watan Disamban 2021, a birnin Landan, wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu saboda maƙwabciyarsu ta saka irinta a nata gidan, ita kuma daga Italiya aka shigo da ita. Ku lura, a duka biyun gubar ta tsallaka iyaka ne a cikin kayan matafiyi. Wannan ƙwaya ba ta da wuri a gidan da ake kwana, ko da ƙwara ɗaya ce. Masu hatsi a Dawanau da sauran kasuwanni, kada ku ba wanda ya ce ɗaki zai kai ta. Kada kuma a bar yaro ya kwana a siton da aka saka ta, ko a ɗakin da ke manne da shi.

Na biyu shi ne Sniper da fiya-fiya, waɗanda sinadarin diklobos ke cikinsu. Na gona ne, ba na katifa ba. Yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, ya kawo zubar yawu da gumi da amai da sarƙewar numfashi. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da manyan kantuna. A Faransa an haramta sinadarin tun 2013, amma a ƙarshen 2023 sai da hukumomin can suka sake gargaɗi, saboda mutane na sayensa a ɓoye don kuɗin cizo suna ƙarewa a asibiti. Wanda aka ba shi saƙon kwalba ya kai wa ɗan'uwa a wata ƙasa, ya san abin da ya ɗauka.

Na uku kananzir da fetur. Katifar soso da ta sha fetur, tartsatsi ɗaya ya ishe ta, ga shi gidajenmu ba sa rabuwa da murhu da maganin sauro na kunnawa.

In tsautsayi ya faru, a fitar da mutum zuwa iska, a cire tufar da maganin ya taɓa, a wanke fata da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar ko gwangwanin. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai.

In abin ya fi ƙarfin ruwan zafi, a nemi mai feshi da hukuma ta san da shi, ta hannun ofishin duba-gari ko na kiwon lafiya. A tambaye shi sunan maganin, a ga kwalbar da takardarta, a tambayi awa nawa za a yi kafin a koma ɗakin, da ranar da zai dawo zagaye na biyu. Wanda ya zo da ruwa a gorar lemo ba suna, ya ce sirrin sana'a ne, a sallame shi.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Ranka ya daɗe shugaba, ga shawarwari huɗu da ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Na ɗaya, masaukan da 'yan ƙungiya ke sauka a kowane gari a sa musu ranar duba katifu da tabarmi sau ɗaya a wata, a kuma rufe katifun da leda mai kauri. Na biyu, a buɗe hanyar da baƙo zai sanar da mai masauki ko sakatare a asirce in ya ga alama, ba tare da an ɗauke shi mai tozartawa ba, shi ma mai masaukin a ba shi lokaci ya gyara. Na uku, ƙungiya ta nemo mai feshi amintacce a kowane babban zango, a yi ciniki da shi a dunƙule, farashi zai sauko. Na huɗu, a yi alkawari tsakaninku cewa babu ɗan ƙungiyar da zai sayar ko ya yi dakon ƙwayar hatsi da fiya-fiya don amfanin ɗaki.

Tun zamanin da ayarin fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, zumuncin baƙo da mai masaukinsa a kan amana yake. Mai masauki ya tsare wa baƙo kayansa da lafiyarsa, baƙo kuma kada ya bar masa ɓarna. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kuɗin cizon da ke ɗakin saukar baƙi a Malanbil yau, in aka yi shiru, mako mai zuwa yana ɗakin 'ya'yan wani a Sakkwato ko Damagaram.

Kowa in ya koma masaukinsa yau da dare, ya haska tocila a ɗinkin katifa kafin ya kwanta, in kuma ya isa gida ya nuna wa iyalinsa yadda ake yi. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya kai mu ta baɗi.